Tangaran Cikin Siminti

Tun kafin Abdulƙadiri ya kashe babur ya san ba lafiya. Ƙofar falonsa a buɗe take, ga sawun tayar mota ya yi kwana a ƙofar gida, ga tsummokaran da yake shimfiɗa wa kayansa a warwatse a ƙasa.

Ya faɗa falon da takalminsa. Kabad ɗin gilashi na nan inda ya bar shi, amma wayam, sai shatin gindin kowane kwano a jikin katako.

"Asiya!"

Matarsa ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zane. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Sannu da hanya, Malam. Ka zauna in kawo ma ruwa."

"Ba ruwa nika tambaya ba. Ina kayana?"

"Yaya Alhaji na ya zo jiya da hantsi, shi da direba nai."

"Sai kika ba shi?"

"Ni wa, in ba shi? Wan mijina na fa, Malam. Ina jin murya tai na shige ɗaka na saki labule. So kaka yi in fito in tsaya gaba nai ina ja-in-ja, garin ga shi ɗauka?"

Abdulƙadiri ya dafa kabad ɗin. Kwana biyu kawai ya yi a Sanyinna yana duba injinan ban ruwa na ma'aikatar gona, kwana biyun nan sun ishi wansa Alhaji Sambo ya kwashe abin da ya yi shekaru yana tarawa.

Abin ya samo asali ne daga kwas ɗin da gwamnati ta tura shi Japan, shekarar da aka yi Jihar Sakkwato. An aike shi koyon inji, ya dawo da wani ciwo na daban. Wata ranar hutu abokin karatunsa ya kai shi wani ƙauye a bayan duwatsu, wurin wani tsoho maginin tukwane. Tsohon ya miƙo masa shayi a wani baƙin kwano mai kaurin baki, ɗan karkatacce, da shatin babban yatsan mai shi a gefe. Abdulƙadiri ya riƙe shi da hannu biyu, ya kasa ajiyewa. Da shi ya dawo Tambuwal, a naɗe cikin rawaninsa. Daga nan sai nema. Ya samu koren tangaran na Koriya, mai launin ruwan tafki, a hannun wani injiniya da ke aikin hanya. Ya samu farantai na wasu maginan Sin a baje kolin Legas. Wasu kuma abokin nasa ke aiko masa cikin akwatin katako. Babu na masana'anta ko ɗaya. Kowanne hannun mutum guda ne ya yi shi, kuma ya buga hatiminsa a gindi.

Mutanen Tambuwal ba su taɓa gane abin ba. Tara kwanoni a kabad aikin mata ne, jeren ɗakin amarya. A majalisa har suna suka sa masa, Ƙadiri Mai Jere.

"Mi ya ce za shi yi da su?"

Asiya ta yi ƙasa da murya. "Na ji shina gaya ma direba wai magini na jiran su Kebbe. Wai za a liƙa su ga rufin sabon zaure nai, awa yadda aka yi ma sorayen da."

Ya san al'adar. Mai hali in ya gina soro, akan dasa farantai a tsakiyar rufi da jikin bango tun yaɓe na ɗanye, su bushe tare, baƙo ya shigo ya ɗaga kai ya san gidan wa ya zo. Alhaji Sambo kuwa kwangila ta karɓe shi, ya koma Kebbe ya tayar da gida na ban mamaki, gobe ne ma walimar buɗe shi.

"Malam, ka ci abinci tukuna."

Ya riga ya kai ƙofa.

Hanyar Kebbe a damina ba ta da mutunci. Babur ya riƙa wutsil-wutsil a cikin caɓi, ya kayar da shi sau ɗaya a wani kwazazzabo, ya tashi bai ko duba gwiwarsa ba. Abu ɗaya yake maimaita wa kansa duk tsawon hanyar: laka ce. In laka ce da sauƙi. A jiƙa ta da ruwa a hankali, ta yi laushi, a zare kwano lafiya lau ko da ya kwana.

La'asar ta yi sanyi ya shiga Kebbe. Ba sai ya yi tambaya ba, zauren ya fi komai tsayi a unguwar. A ƙofa an ɗaure shanu biyu na walima, mata na shiga da fita da tukwane. Gefe guda kuwa ga tarin takardun buhun siminti da aka zazzage, iska na kaɗa su.

Ya tsaya yana kallon takardun. Sannan ya shiga, ko sallama bai yi ba.

Ya ɗaga kai. Ga su nan. Farantan Sin sun zagaye bango a jere, koren na Koriya yana saman ƙofar shiga cikin gida. Can a ƙololuwar rufi, inda bakunan gizo masu riƙe rufin suka haɗu, baƙin kwanon ne yake kallon ƙasa. Kowanne an nutsa shi har baki cikin siminti mai ruwan toka.

Ya kai yatsa ya danna yaɓen da ke gefen faranti mafi kusa. Kamar dutse.

"A'a! Mai Jere da kanai!"

Alhaji Sambo ne, a kishingiɗe kan sabuwar darduma a ƙarshen zauren, ga rediyo a gefensa, ga mutum uku huɗu na 'yan zaman fada. Ƙato ne, mai murya kamar ganga. Bai tashi ba.

"Ka zo da wuri, walima sai gobe. Amma zo ka gani. Kayan da ka ɓoye awa kayan sata, yau ga su sun zama kayan maza."

"Yaya, wa ya ba ka izinin shiga ɗakina?"

Wani ya rage muryar rediyo.

"Izini?" Sambo ya gyara zama. "Kun ji ɗan boko. Ni za ni nemi izini ga shiga ɗakin ƙanena? Kai da kayan naka dut nawa na."

"Ka san ko mine na ka sa anka binne? Kowane ɗaya magini guda na ya yi shi da hannu nai, babu irinai na biyu duniya."

"To ai shi ke nan. Magini ya yi su, ni ma magini na ba. Ko ba haka ba, Ɗangiwa?"

Wani dattijo da ke wanke cokalin gini a bokiti ya ɗago, ya ce shi dai abin da aka sa shi ya yi, ya mayar da kansa ƙasa.

"Baƙin can ma," Sambo ya nuna rufi da leɓe, "don kai na bari anka sa shi. Kaskon tuya ya fi shi fasali. Na ce a kai shi can sama inda ba mai ganin karkata tai. In kuɗi ka ba da ga wancan, wallahi an cuce ka."

'Yan fada suka kwashe da dariya.

"A ciro min kayana."

"Ba mai taɓa ginin ga."

"To za ni wurin alƙali."

"Tafi. In ka je ka ce mai ƙarar uwarka ka kawo."

Abdulƙadiri bai gane ba sai da labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Inna Marka ce, mahaifiyarsu, ta fito tana dogara sanda. Tun da Sambo ya gama ɓangaren mata ya ɗauko ta daga Tambuwal. 'Yan fada suka sunkuyar da kai. Abdulƙadiri ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

"Ban wuni ba. Tun daga ɗaka nika jin murya taka bisa ta wanka. Ni na ce a kwaso su, Ƙadiri. Ni."

"Inna..."

"Yi min shiru. Ubanku malami na, kakanku malami na, littattafai sunka tara. Kai ka tashi kana tara kwanoni. Na je suna Dogon Daji, wata ta dube ni cikin mata ta ce, Marka, yaushe za a kai ɗan naki ɗakin miji, tunda jere ya kammala? Da raina! Na ce ma Sambo shi raba ka da abin kunyar ga. Ga bango kuwa ko sarakuna na sa su. Mi ya fi haka rufin asiri?"

Abdulƙadiri ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Da Sambo kaɗai ne da ya san yadda zai yi. Yana durƙushe ya ce a hankali, "Inna, ko ɗaya a ba ni. Baƙin can kaɗai. Sauran na bar mai."

Tsohuwar ta buɗe baki, amma Sambo ya riga ta.

"A'a, Inna, bar shi. Kada a ce na danne ma yaro haƙƙi." Ya miƙe, ya je wurin kayan Ɗangiwa ya ɗauko guduma da kurfi, ya jefa su gaban ƙanensa. "Kayanka na. Ciri abinka. Dut wanda ka ciro, tafi da shi."

Ya leƙa waje ya kira leburori da masu ɗaure shanu, wai su zo su ga aikin injiniya. Kafin ka ce haka zauren ya cika.

Abdulƙadiri ya ɗauki kurfin. Ya zaɓi farantin Sin da ke daidai ƙirjinsa, fari mai zanen kifi ɗaya shuɗi. Ya sa bakin kurfin nesa da gefensa, ya buga a hankali. Siminti ya ɗan ɓantare. Ya sake bugawa. Ya matsa kusa kaɗan, gumi na zuba masa a ido. A bugu na gaba sai ya ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta ratsa farantin daga sama har ƙasa, ta raba kifin biyu.

"Ɗaya ta tafi!" in ji Sambo. "Ci gaba, saura na jiran ka."

Dariya ta cika zauren har da masu tafi. Abdulƙadiri ya ajiye guduma. Ya kalli farantin, ya ɗaga kai ya kalli rufi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ratsa mutane ya fita.

"A gai da Asiya!" Sambo ya ɗaga murya a bayansa. "Ka ce mata gobe ta zo da wuri, akwai wanke-wanke!"

Amma ba wurin babur ya nufa ba. Ya zagaya bayan zauren. Abin da ya gani da ya ɗaga kai shi ne, simintin fata ce kawai. Sambo ya so a ce ya yi ginin zamani, amma rufin na gargajiya ne, azarar giginya da laka, aka shafe cikinsa da siminti. Ta ƙasa ba a iya taɓa kwanon. Ta sama kuwa laka ce kawai.

Tsanin magina na jingine da bango. Ya ɗauki dagi a cikin kayan leburori, ya hau, ya janye tsanin ya kwantar da shi a kan rufin. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa rigarsa. Ya taka har ƙololuwa, ya auna da ido, ya ɗaga dagin ya kafa.

A cikin zaure, ƙasa ta zubo a kan rediyon Sambo.

Suka fito a guje. Sambo ya ja da baya har tsakiyar hanya kafin ya hango shi, hularsa ta faɗi bai kula ba.

"Kai! Ƙadiri! Mi kaka yi?"

"Kai ka ce in ciri abina."

"Sauko, don ubanka!"

"Uban namu guda na, Yaya."

"Ku kawo tsani! Ina tsani?"

Aka gaya masa tsani na sama. Ya aika a aro na maƙwabta, aka kawo, bai kai rabin bangon ba, don shi da kansa ya ce a yi masa zauren da ya fi na kowa tsayi. Ya riƙa zagaye ginin yana zagi, ya ɗauki hogen busasshiyar laka ya yi jifa, hogen ya faɗo kan ɗaya daga cikin shanun walima, saniyar ta tsinke igiya ta yi cikin mata. Unguwa ta fito kallo. Masu dariyar ɗazu yanzu da hannu suke rufe baki.

Abdulƙadiri bai ko waiwaya ba. Ya huda makuba, yaɓen da ke hana ruwa shiga, ya kai ga laka, yana haƙa yana kwashewa da hannu. Da ya kai ga azara sai ya ajiye ƙarfi, ya koma sassaƙa a hankali. Can ya ga abin da yake nema, dunƙulen siminti kamar kan mutum, a cushe tsakanin azara biyu. Kwanon na cikinsa. Ya tuɓe rigarsa, ya zura ta ƙarƙashin dunƙulen ta wata 'yar kafa, ya ɗaure hannayen rigar a damtsensa. Sannan ya shiga saran yaɓen da ke kewaye.

Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

"Ƙadiri."

Ba ihu ta yi ba, amma ya ji ta. Inna Marka ta fito har waje, iska na fizgar mayafinta, wata mata na riƙe da ita.

"Ƙadiri, gobe mutane za su zo daga ko'ina. Kana son su iske gidan wan naka da rami bisa kai? Bar abin ga ka sauko. Na yi ma alkawari ba mai ƙara ce ma komi."

Hannunsa ya tsaya. Yana iya ganin ta sosai daga nan, 'yar ƙarama, ta ƙanƙame sandarta.

"Inna, ki ce mai shi ba ni wanga guda. In ya ce ya ba ni, ni da kaina za ni toshe ramin kafin ruwa shi sauko."

Duk ido ya koma kan Sambo. Ya dubi taron da ya cika hanya, ya dubi 'yan fadarsa.

"Ko tsinke ba ni ba shi," ya ce. "Shi sauko hannu wofi, shi durƙusa nan gaban mutane."

"To ka ji," in ji tsohuwar. "Wanka na. In ka sauko da kaskon ga, kada ka ƙara tako ƙofar ɗakina."

Abdulƙadiri ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗaga dagin ya yi sara na ƙarshe.

Dunƙulen ya saki, nauyinsa ya fizge shi har ya kifa da ƙirji a bakin ramin, amma rigar ta riƙe. Ya jawo shi sama a hankali, ya juya shi. Kwanon na nan lafiya, ko ƙwarzane babu a cikinsa. Bayansa kuwa, da gindinsa, da hatimin tsohon, da shatin yatsan, duk suna cikin simintin, kuma ya san ba za su ƙara fitowa ba.

Ta cikin ramin ya hango dardumar Sambo. Ruwa ya sauko gaba ɗaya, ya fara zuba a kanta.

Ya saukar da tsani ta baya, ya sauko da hannu ɗaya, ɗayan na rungume da kayan. Mutane sun watse sun fake a zaurukan maƙwabta. Inna Marka ta shige, an saki labule. Sambo kaɗai ke tsaye cikin ruwan, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Abdulƙadiri ya zaci zai tare shi, ya gyara riƙo. Sambo bai tare shi ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu, ya juya ya shiga zauren.

Abdulƙadiri ya ɗaure dunƙulen a bayan babur da igiyar roba, ya lulluɓe shi da rigar. Yana taka kik na farko ya ji wata ƙara daga cikin zauren. Tas! Sannan wata. Sambo ya ɗauki guduma yana bin bango.

Babur ya ƙi tashi. Ya sake takawa. Farantan Sin ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu siririya, gajera. Aka ɗan yi shiru, ya ji ana jan wani abu a ƙasa, benci ne ake kaiwa bakin ƙofar cikin gida. Sai wata ƙara ta daban, mai zurfi, wadda ta ɗan yi amo kafin ta mutu. Na Koriya ke nan.

A taku na gaba injin ya kama. Ya kai hannu baya ya taɓa kayan, ya tabbatar igiyar ta riƙe, ya hau hanyar Tambuwal cikin ruwan, ba riga a jikinsa.